Sharhi kan robar mahaifa mai jan ƙarfe: hutu mai tsawo, amma da jini ake biyansa

A likitocin Maradi, in mace ta je neman hutun haihuwa, yawanci allura take tambaya ko ƙwayoyi ko ashanar hannu. Robar mahaifa, wadda ma'aikata ke kira DIU ko isterile, ita ce ake tsallakewa, saboda tsoro da jita-jita. A ganinmu ba a yi mata adalci ba. Sai dai kuma masu yabonta suna yawan ɓoye aibinta guda ɗaya babba, wato ƙaruwar jinin al'ada, shi ya sa mace ke sawa yau, bayan wata biyu ta dawo a fusace tana cewa a cire mata.

In ungozoma ta miƙo miki ita cikin ledarta, za ki yi mamakin ƙanƙantarta. Farar roba ce mai siffar harafin T, tsawonta milimita 36, faɗinta 32, ko tsawon tsinken ashana ba ta kai ba. An naɗe ƙafarta da siririyar wayar jan ƙarfe, kowane hannu kuma da ɗan zobensa, ga zare biyu na lilo a gindi. Wadda aka fi samu ita ce TCu 380A. Wani lokaci za ki ga ƙarfen ya yi duhu tun yana cikin leda. Wannan ba lalacewa ba ce, muddin ledar ba ta huje ba kuma kwanan watanta bai wuce ba. Aikin jan ƙarfen shi ne raunana maniyyi ya kasa isa ga ƙwai. Ba ta da sinadarin homon, irin wanda ke cikin allura da ƙwayoyi, ko kaɗan, kuma nan ne duk alherinta yake: ba ta sa ƙiba, ba ta rage ruwan nono, ba ta ɗauke al'ada kamar yadda allurar wata uku ke yi wa mata da yawa, mai hawan jini ma na iya sawa. Cikin mata ɗari da suka sa, wadda ke ɗaukar ciki a shekarar farko ba ta kai ɗaya ba. Tana aiki shekara 10 har zuwa 12, ranar da aka cire kuma haihuwa ta dawo, ba jira.

Sawar kanta ba ta cika wuce minti goma ba. Ungozoma za ta fara tambayarki ranar al'adarki ta ƙarshe don ta tabbata ba ciki, ta duba da hannu ta ji yadda mahaifa ta kwanta, sannan ta sa ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa ta buɗa gaba. Za ta goge bakin mahaifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta kama shi da wani ɗan maƙami, ta auna zurfin mahaifar da siririn tsinke. Yawanci santimita 6 zuwa 8 ake samu. Daga nan ta tura robar cikin bututunta, hannuwan su buɗe a can sama, ta yanke zaren ta bar kamar santimita 3. Wurin kamawar da wurin awon su ne masu zafi, murɗar mara ce mai ƙarfi ta ɗan lokaci. Kada ki je da yunwa, kuma in an gama ki kwanta minti kaɗan kafin ki miƙe, don jiri na ɗibar wasu. Mai jego tana da ƙofa biyu: cikin awa 48 da haihuwa, ko kuma sai bayan mako huɗu. Tsakanin nan ba a sawa. Ga mai gudun kunika, lokacin da aka gama wankan arba'in ya dace sosai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Jinin al'ada zai ƙaru. Macen da ta saba kwana huɗu tana iya komawa shida ko bakwai, zubar ta fi ta da yawa, har da guda-guda, ga ciwon mara da na ƙugu, ga ɗigo tsakanin al'ada da al'ada. Dalili kuwa, mahaifa ta ji baƙon abu a cikinta, fatar cikinta na ɗan kumbura tana fitar da sinadaran da ke sa murɗa da zubar jini. Wata uku zuwa shida na farko su ne masu wuya, bayan nan ga yawancin mata abin na lafawa, ko da yake wasu al'adarsu ba ta komawa daidai yadda take a da har sai an cire. Duk wadda aka sa wa ba a gaya mata wannan ba, an cuce ta.

A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace ta haihu biyar ko shida, masassarar cizon sauro ta kada ta da damina, abincinta fura da tuwo, nama sai jefi-jefi. Jininta dama da kyar yake isarta. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi: in kin ga ta yi fari maimakon ja, tafin hannu ya koɗe, kina haki in kin ɗauko ruwa ko kin yi daka kaɗan, to ki nemi a auna jininki kafin a sa. Ƙarancin jini ba lallai ya hana ki ba, amma sai an haɗa miki da ƙwayoyin ƙarin jini, irin jajayen nan da ake ba masu awon ciki. Ki lizimci hanta, wake, kwaɗon zogale da miyar ganye, ki kuma raba shayi da abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin abincin. Wadda al'adarta dama mai yawa ce da ciwo, gaskiya ba za mu ba ta shawarar wannan robar ba, gara ta duba wata hanya.

Don ciwo da yawan zuba, ibuprofen miligiram 400 sau biyu a rana bayan cin abinci, kwana biyar daga ranar da jinin ya fara, yana rage duka biyun. Mai gyambon ciki ta bar shi ta sha parasetamol, shi ciwo kawai yake ragewa. Asfirin kuwa ki nisance shi, ƙara zubar yake. Akwai kuma wani maganin rage zuba, acide tranexamique, amma wannan sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, ba na saye a tire ba ne.

Akwai abin da takardar likita ba ta faɗa, alhali shi ya fi damun mata a nan: salla, azumi da kwanan girki. Jinin da ya zarce yana rikita lissafi. A Malikiyya, mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba a haura kwana 15 ba, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Ki zauna da malamarku ta Islamiyya ta warware miki naki lissafin. Shawararmu kuma, in da hali, kada ki sa ana saura 'yan makonni azumi. Ki bari bayan salla, watannin wahalar su wuce kafin wani Ramadan. Maigida ma a sanar da shi tun farko cewa kwanakin za su ƙaru na ɗan lokaci, kada ya zama abin rigima.

Zaren nan shi ne shaidarki. Bayan al'ada, ki wanke hannu da sabulu, ki tsuguna, ki sa yatsa har ki taɓo bakin mahaifa, mai tauri kamar kan hanci. Za ki ji zare kamar na fatsa. Kada ki ja. In kin ji roba mai tauri a wurin, ko zaren ya yi tsawo fiye da da, ko ya ɓace, robar ta gusa. Ku yi amfani da kwaroron roba har a duba ki. Fitowa da kanta na faruwa ga mata ƙalilan, galibi a watannin farko kuma lokacin al'ada, don haka ki riƙa duba ƙunzugu kafin ki wanke ko ki yar. In maigida ya ce wani abu na sukarsa, yawanci an yanke zaren ya yi gajere ne ya tsaya kamar ƙaya. Yana laushi da kansa, in bai yi ba ungozoma na iya gyarawa.

Batun cewa tana tafiya zuciya ko kai, babu wannan hanyar a jikin mace. Abin da kan faru, kamar sau ɗaya cikin dubu, shi ne ta huda bangon mahaifa a lokacin sawa, kuma mai shayarwa ta fi fuskantar haka saboda laushin mahaifa. Shi ya sa hannun da zai sa ya zama wanda aka horar. Ciwon sanyi ma ba ita ke kawo shi ba. In dai akwai shi a bakin mahaifa ranar sawa, ana iya tura shi ciki, ya tashi a makonni uku na farko. Mai fitar da ruwa mai wari ko ruwan ɗorawa ta faɗa, a yi magani tukuna, ita da maigida. Kuma ba ta kare mace daga sida ko wani ciwon da ake ɗauka wurin kwanciya.

Ki koma a duba ki bayan al'adar farko, ko mako uku zuwa shida da sawa, ko da lafiyarki ƙalau. Amma zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, ko jinin da ya ninka na da a yawa ko a kwanaki, ko ɓatan wata, waɗannan ba a kwana da su. Ɓatan wata da ciwo a gefe ɗaya na mara da jiri na iya zama ciki a wajen mahaifa, a nufi babbar likita nan take. Wannan ya sa macen ƙauye, a ce can cikin Dakwaro ko Mayahi, ya kamata ta lissafa nisanta da CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mai ungozomar da ta iya sawa da cirewa. Kayan tsarin iyali kyauta ne a likitocin gwamnatin Nijar tun 2006, amma ki tanadi ɗan kuɗin magani da na hoton ciki ko da za a buƙata.

Cirewa ta fi sawa sauƙi nesa ba kusa ba: a kama zaren a ja a hankali, hannuwan su lanƙwashe ta fito, minti biyu an gama. Ba sai shekarun sun cika ba, duk ranar da kika so haƙƙinki ne. In ba ciki kike nema ba, ku ƙaurace wa juna ko ku sa kwaroron roba mako guda kafin ranar, kuma ki riƙe katin da aka rubuta ranar sawa a inda kike ajiye takardar rigakafin yara.