Gargaɗi: matar nan mai sayar da garmaho da kayan da a intanet 'yar damfara ce

Jama'a, na so in haɗiye maganar nan amma ta ƙi haɗiyuwa. Akwai wata mata mai shafin sayar da kayan da: garmaho, tsofaffin akwatunan rediyo, fitilun ƙwai, agogunan bango masu kaɗawa, kekunan ɗinki. Shafi tsaf, hotuna masu kyau, magana mai daɗi. 'Yar damfara ce. Ta karɓi kashi 70 na kuɗin garmaho a matsayin kafin alƙalami, ta karɓi cikon kashi 30, ta ƙara karɓar kashi 15 wai na inshora. Kashi 115 ke nan a kan kaya guda. Ban da rabin kuɗin keken ɗinki da har yau ko inuwarsa ban gani ba.

Kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Karo-karo muka yi da yayyena da ƙannena don mu yi wa Baba kyauta, saboda tun muna yara yake ba mu labarin garmahon mahaifinsa, yadda ake wana shi da hannu, yadda ake sauya allura bayan kowane gefen faifai. Ni aka damƙa wa kuɗin don ni ce aka sani da bin diddigi. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci.

Kada wani ya zo ya ce mini gaggawa na yi. Ban yi gaggawa ba. Na ce sai mun yi kiran bidiyo, ta yarda nan take. Na ce ta rubuta sunana a takarda ta ajiye kusa da kayan, ta rubuta. A gabana ta wana shi, ta ɗora faifai mai juyi 78 a minti, ta sauke allura, sautin ya fito da 'yar ƙarar nan ta shi-shi-shi da Baba yake kwaikwayo da bakinsa. Sai ta dubi kyamara ta ce, "Ƙanwata, wannan ba na kowa ba ne, na wanda ya san darajarsa ne. Don mahaifinki zan bar miki shi." Ina ta maimaita wannan wurin a kaina. Hannunta a kan mariƙin, takarda mai sunana a gefe, muryarta a sanyaye. Wa zai ga wannan ya ce ƙarya ce? Garmahon da na gani na gaske ne, ina da yaƙini har gobe. Shi ne guda ɗaya tilo da take nuna wa kowa, ta aika wa kowa da wani abu daban.

Maganar inshorar ma ta zo ne bayan ta ce kayan sun taso, har ta turo mini wata lambar bin sawun kaya da ba ta taɓa motsi ba. Lambar farko ke nan, sai ta biyu ce ta yi aiki. Ta ce ƙahon garmahon na tagulla ne, in ya lotse a hanya ba mai gyara shi, kamfanin jigila ba zai ɗauka ba sai da inshora. Magana ce mai ma'ana, kowa ya san kayan da suka tsufa ba sa son jijjiga. Na tura kashi 15. Bayan 70, bayan 30.

Da kwalin ya iso, tun daga nauyinsa jikina ya ba ni. Akwatin mai kusurwa takwas ne, alhali wanda na gani a bidiyo kusurwa huɗu gare shi. Warin sabon fenti ya cika ɗakin. Hoton karen nan mai sauraron ƙaho, tambarin His Master's Voice, sitika ce aka manna a karkace, har gefenta ya fara ɗagowa. Ƙahon siriri, da ɗan yatsa za ka lotsa shi. Duk da haka ban yanke hukunci ba, na ɗauka na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo. Bai fi minti kaɗan yana dubawa ba ya ce, "'Yata, wannan bai girmi jikana ba." Ya nuna mini ƙusoshin ɗaurin, duk masu kan gicciye ne, irin da sai a shekarun 1930 aka fara amfani da su, ita kuwa ta rantse mini kayan na wajen 1912 ne. Ya nuna mini ramukan da ta ce cin ƙwari ne na tsufa, duk girmansu ɗaya, da na'ura aka huda. Ya buɗe ciki, injin na wani ƙaramin garmahon tafi-da-gidanka ne aka ciro aka dasa, shi ya sa mariƙin ya fito a karkace. Ya ce irin waɗannan ana ƙera su da yawa a Indiya don ado, kuma in na ɗora faifai mai daraja a kai, cinye shi zai yi.

Ba ni da rigima da kayan ado masu kama da na da. Akwai masu sana'ar hannu da ke yin su da gaskiya, su faɗa maka sabo ne, ka saya da farashin sabo ka ji daɗinka. Wannan matar ta sayar mini da sabo a kuɗin abin da ya haura shekara 100. Da na tura mata hotuna, sai ta ce wai ai tun farko kayan ado ta ce. Na koma shafin, ta gyara rubutun tallar. Ba ta san na ɗauki hoton na farkon ba.

Keken ɗinkin kuwa, tun kafin duk wannan ne, a makon da na biya kashi 70. Singer 221 ne, ƙaramin nan mai akwati da aka fara fitarwa a 1933, na so in ajiye wa kaina. Na ce ta turo lambar da ke ƙarƙashinsa, ta turo. Lambar ta fara da harafin E, irin ta masana'antar Clydebank a Sikotilan wadda aka rufe a 1980. Na duba jadawalin lambobin, ta dace da shekarun 1950 kamar yadda ta faɗa. To me kuma ake so mutum ya yi? Na bincika lamba, na ga bidiyo, na karanta yabon masu saye. Sai daga baya ƙanena ya sa hoton keken a manhajar binciken hoto ta Google Lens, ya fito a wani tsohon shafin gwanjo na ƙasar waje, lamba ɗaya, ƙyallen da ke ƙarƙashinsa ɗaya. Hoton sata ne. Masu yabon ma da na bi su ɗaya bayan ɗaya, asusun da ba su da komai ne sai yabonta.

Ranar da na nemi ta dawo da kuɗin ta ce in yi haƙuri ɗanta ba lafiya. Na yi mata addu'a, wallahi na yi mata addu'a. Washegari ta toshe ni a WhatsApp. Yaya ya kira yana tambaya ko kayan Baba sun iso, na riƙe wayar na rasa ta inda zan fara. Kashi 70, kashi 30, kashi 15, da rabin kuɗin keke. Baba har yanzu bai sani ba.

Ina da komai: rasit huɗu, saƙonnin muryarta, hoton tallar kafin ta gyara da bayan ta gyara, da bidiyon buɗe kwalin. Zan ɗora su da zarar an gama rufe lambobin asusuna da ke jiki. Sunan shafin ta riga ta sauya, amma garmahon bidiyon yana nan, yanzu takardar da ke gefensa sunan wata ce.

Kada ku biya kafin alƙalami. Kada ku tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su. Ku sa hoton kaya a bincike kafin ku ce uffan, kuma duk wanda ya ce muku inshora bayan an gama ciniki, ku tsaya nan. Duk wadda ta taɓa saye a wurinta, don Allah ta yi mini magana, ina haɗa hujjoji in kai ƙara.