Ajin Turanci na dare a unguwarmu: darasin tambayoyi ya biya kuɗinsa

Yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma yawancin hulɗata da masu kaya na Guangzhou da Dubai ta WhatsApp ce, da Turanci. Ciniki kuwa rabinsa tambaya ne. Shi ya sa na shiga ajin manya da ake yi bayan sallar Isha'i a wata firamare ta unguwarmu.

Abin da ya kama ni da malamin shi ne daga Hausa yake farowa. Ya rubuta "Ka biya" a allo, ya ce mu mai da ita tambaya. Muka ɗaga murya kawai: "Ka biya?" Ya ce to, a Turanci sai an juya kalmomi: "You have paid" ta koma "Have you paid?" In jimlar ba ta da irin su have, is ko can, sai a aro do, does ko did. Da zarar did ta shigo kuma, aikatau ya koma asalinsa: "Did you send it?", ba "sent" ba. What, where, when da why bai daɗe a kansu ba, sai dai ya nuna mana cewa in wanda ya yi aikin ake nema, did ba ta da gurbi: "Who sent the goods?"

Inda na fi ƙaruwa shi ne tambaya mai korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka biya ba?", sai ya ce "E, ban biya ba." Bature kuwa in ya ce "Haven't you paid?", amsar wanda bai biya ba ita ce "No, I haven't." Ka ce masa yes, ya ɗauka kuɗi sun shiga. Wallahi a harkar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka tambaya ta ladabi, wadda kalmomin ɓangarenta na biyu ba sa juyawa: "Can you tell me when the container will arrive?" Yanzu ita nake tura wa dillalina.

Ya kuma hana mu liƙa "isn't it" a wutsiyar kowace magana kamar "ko ba haka ba". Sai "You paid, didn't you?", "She can't come, can she?" Samarin da ke shirin WAEC da JAMB sun fi kowa murna da wannan.

Matsalar ajin ita ce cunkoso. Mun yi yawa, har a tashi wani bai buɗe baki ya yi tambaya ko ɗaya ba, alhali da baki ake koyon abin. Bencinan na yara ne, kuma in an ɗauke wuta sai fitilar waya. Mai niyyar zuwa ya zo da wuri ya kama layin gaba, don na baya ba sa ganin allo sosai.