Ku kiyayi wannan mai gyaran injin zarto: ya ci min rabin kuɗin sabon inji, ya kuma kashe min nawa

Jama'a, raina a ɓace yake, don haka ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse. Rabin kuɗin sabon inji na ba mutumin nan don ya gyara min injin zartona. Rabin kuɗin sabo, lakadan, ba ragi. Yau ga injin can a kwance, fistin ya kama, igiyar ma ba ta jawuwa. Kuma da injin nan nake ciyar da iyalina.

Kafin wani ya ce me ya sa ban bincika ba, ku tsaya ku ji. Ba jiya na fara riƙe inji ba. Haɗin maina ba ya canzawa, mililita 100 na man 2T, man injin da ake haɗawa da fetur, a lita 5 na fetur, wato 50 da 1, kuma ban taɓa zuba masa baƙin man mota ba. Ni nake wasa sarƙata, ni nake wanke filtar iska. Cikin kabireta ne kawai ba na taɓawa, saboda na san aikin masu sana'a ne. To laifi ne mutum ya kai aiki wajen wanda ya ce sana'arsa ce?

Ciwon injin ba wani babba ba ne. In na ba shi wuta sai ya shaƙe, in na sake shi a silo, wato yana tafiya ba a danna wuta ba, sai ya mutu. Na ga bidiyoyin mutumin a Facebook yana ta da injina suna kuka lafiya, mutane suna ta yabo a ƙasa, sai na kai masa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗora injin a benci, ya ja igiya a hankali, ya saki, ya sake ja, ya kara kunnensa. Sai ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, in ka ba shi wuta shaƙewa yake, ko? In ya ɗau zafi kuma sai ya ƙi tashi." Wallahi haka yake yi, kuma ban gaya masa ba. Ban buɗe baki ba. A wannan wurin ya gama da ni. Har yanzu in na kwanta sai in riƙa ganin yadda ya ja igiyar nan ya kara kunne. Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai ga haka bai yarda ba?

Ya ce fistin da zobensa sun cinye, silinda ya goge, kabireta ma ta tashi daga aiki. Ya ce shi ba ya sa jabu, sai na asali, shi ya sa kuɗin ya kai rabin na sabo, kuma sai an biya gaba ɗaya zai yi oda. Na ce ya yi yawa. Ya ce, "Yallaɓai, injinka mai kyau ne, haram ne a sa masa tarkace." Na tura masa nan take. Daga baya ya kira ya ce koyil ma ya mutu, na ƙara masa. A'a, maganar koyil ta zo ne bayan ya fara cewa kaya sun maƙale a hanya, saƙon muryarsa yana nan a wayata. Ko ma dai yaya ne, ƙari ne a kan rabin kuɗin sabon inji.

Na manta ban faɗi abin da ya fi ci min rai ba. Tun kafin ya dawo min da nawa, ni da bakina na ce wa yayana ya kai masa injin yankan ciyawarsa. Na ce, "Yaya, na samo mana gwani." Ya kai, ya biya. Har yau injin bai dawo ba. Yayana bai ce min komai ba, sai dai in mun gaisa ya ce, "Ya labarin mutumin naka?" Na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da na karɓi nawa, ya tayar da shi a gabana, ya danne wuta. Injin ya yi wata irin ƙara mai tsini, sama sosai, ban taɓa jin ya yi ta ba. Ya ce, "Ka ji sabon fistin." Na nemi tsofaffin kayan da ya cire, ya ce yaransa sun zubar. Na tambaya fa, kada wani ya ce ban tambaya ba. Aikin farko da na fita da shi, ina tsakiyar wani kututture, ƙarfinsa ya fara raguwa, ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, sai ya tsaya cak. Na kira, ya ce ai man da na haɗa ne ba shi da kyau. Man da nake amfani da shi shekara da shekaru! Na sake kira, waya a kashe. Yanzu ya toshe ni a WhatsApp.

Wani dattijon makanike ne ya buɗe min ido. A gabana ya kwance salansa, minti biyar bai yi ba, ya haska tocila ta ramin. Ga fistin nan, gefen salansa duk ya kakkarce, alminiyon ya narke ya danne zobe. Ya ce in dubi notikan silinda: tsohuwar daƙƙar mai da garin katako tana nan a kansu yadda take, ba wanda ya taɓa su. Ba fistin da aka canza. Ba silinda da aka canza. Koyil ɗina ne na da. Kabireta kaɗai aka canza, ita ma canjin sata: tawa ta asali mai tambarin kamfanin Zama a jiki mutumin ya ɗauke, ya ɗaura min wata da ko suna babu. Fulogi kuwa fari fat, alhali na inji mai lafiya ruwan ƙasa yake yi.

Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan ƙarar da ya jiyar da kai ita ta kashe injin." Kabireta tana da sukurori, H na babbar wuta, L na ƙaramar wuta, da na silo. In aka ɗaure H da yawa, fetur ɗin da ke shiga zai ragu, gudun inji ya haura, ka ji kamar sabo. Amma irin wannan injin ba shi da wani man shafawa sai wanda ke cikin fetur ɗin, saboda haka in fetur ya ragu mai ma ya ragu, zafi ya ƙaru, fistin ya kama. Injin da aka saita daidai, in ka danne wuta ba a cikin itace ba, za ka ji yana ɗan gurnani, sai ya shiga itace sannan muryar ta washe. Mai gyaran nan ya san wannan sarai. Da gangan ya yi don in ji ƙara in tafi.

Kun san ainihin ciwon? Dattijon ya sa waya ya zaro filtar mai daga cikin tanki, ta toshe, tiyon man kuma ya tsage yana shaƙar iska. Suna nan yadda na kai su. Kayan da ba su kai kuɗin sarƙa ɗaya ba, a kansu na ba da rabin kuɗin sabon inji. Ya kuma ce min shaƙewa da ƙin tashi in an ɗau zafi kusan duk injin da aka kawo gyara haka yake yi, kowa zai iya faɗa. To ni ina zan sani? Ya ja igiya, ya kara kunne, ya faɗi abin da yake daidai. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ban sa sunansa ba tukuna saboda maganar tana gaban hukuma. Amma rasit ɗin tura kuɗin, saƙonnin muryarsa, hoton fistin da na kabiretar jabun, duk zan ɗora su da zarar an ba ni dama.

In an ce maka fistin ya tafi, ka ce a kwance salansa ka gani da idonka. Ka ɗau hoton kabiretarka da lambar injinka kafin ka bar shi. Kar ka biya duka a gaba, kuma ka karɓi tsofaffin kayanka. Wanda kuma ya gane mutumin daga wannan bayanin kuma shi ma ya taɓa shi, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina tara sunayen waɗanda ya cuta, musamman masu injinan da har yanzu suke hannunsa irin na yayana.