Manhajar da ta dace da gyaran kundin yaren kwamfuta

Duk wanda aka ɗora wa nauyin gyara kundin bayanin wani yaren kwamfuta, wato littafin da masu rubuta manhaja ke komawa gare shi don tabbatar da abin da yaren ya halatta da abin da ya haramta, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce a wace manhaja zai ajiye rubutun ya riƙa tace shi. Ba a karanta irin wannan kundi daga bango zuwa bango. Mutum yakan faɗo tsakiyarsa ne cikin gaggawa, ya karanta jumla biyu, ya tafi ya ɗora aikinsa a kansu, kuma idan jumlar ta karkace, duk abin da aka gina a kanta ya karkace. Saboda haka ma'aunina guda ɗaya ne: shin manhajar za ta iya kama ni idan na rubuta abin da ba gaskiya ba?

Da wannan ma'auni, Sphinx ce zaɓina, kuma ba na ɓoyewa. Georg Brandl ne ya ƙirƙiro ta a 2008 domin kundin yaren Python, wanda kafin lokacin da LaTeX, manhajar tsara rubutu don bugawa, ake rubuta shi, kuma a 2016 masu kula da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suka fara mayar da nasu bayanan cikinta. Kyauta ce, sannan rubutun yana zaune a fayil na zallan haruffa, don haka Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren fayil, na nuna kowane gyara layi bayan layi, da wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Amma abin da ya saye zuciyata shi ne doctest, wanda ke bin misalan kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, da ke cikin kundin ɗaya bayan ɗaya, ya gudanar da su, ya kwatanta amsar da kwamfuta ta bayar da amsar da marubuci ya rubuta. A Python 2, idan ka rubuta 7 / 2 amsar 3 ce, a Python 3 kuwa 3.5 ce. Edita zai iya wuce wannan layin sau goma idonsa bai tsaya ba, domin babu kuskuren rubutu a cikinsa, amma doctest zai tsaya cak ya nuna masa lambar layin.

Sphinx tana kuma da wurin da aka tanadar don rubuta sigar yaren da aka shigo da wani abu, ko aka canza shi, ko aka daina ƙarfafa amfani da shi, kuma a kundin yare wannan ba ado ba ne. Misali, tsarin ajiyar bayanai da ake kira dict ya fara riƙe jerin abubuwa yadda aka zuba su tun CPython 3.6, wato babbar manhajar da ke gudanar da Python, amma a lokacin hali ne kawai na yadda aka gina manhajar. Sai a 3.7, a 2018, ya zama alkawarin yaren kansa. Jumlar da ta ce kawai “yana riƙe jeri” ba tare da ambaton siga ba ta faɗi rabin gaskiya ne. Haka nan ana iya umartar Sphinx ta yi ƙorafi a kan duk ishara zuwa sunan da babu shi a kundin, ta duba mahaɗan intanet da suka mutu, ta kuma ƙi fitar da littafin gaba ɗaya muddin akwai gargaɗi ko da guda. Har ƙa'idojin nahawun yaren suna da nasu gurbin, ta yadda kowane suna a ciki zai kai mai karatu inda aka fayyace shi.

Tana da nata aibi. Tsarin rubutunta na asali, reStructuredText, yana da tsantseni a kan tazarar farkon layi, kuma makon farko yakan ƙare ne a neman inda sarari ɗaya ya ɓace. Wanda ya saba da Markdown, wani tsarin rubutu mai sauƙi, zai iya ƙara MyST, wanda ke sa Sphinx ta karanta Markdown, ya huta. Sannan doctest ɗinta Python kaɗai ya sani. Idan yarenka daban ne, sai ka ajiye misalan a fayilolinsu, ka gwada su tare da sauran kod, ka sa Sphinx ta jawo su cikin shafi, kada ka kwafa da hannu.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. mdBook ce kaɗai nake girmamawa a cikinsu, domin da ita ake gina kundin yaren Rust kuma tana gwada misalai, sai dai gwajin na Rust ne. Markdown tsura, wanda John Gruber ya fitar a 2004, ya dace da gajeren bayani, amma bai san bambancin sunan aiki da kalmar da aka yi wa ado ba. AsciiDoc, wanda bayanan Git ke ciki, yana da kyau, ban dai ga abin da zai sa in yi ƙaura dominsa ba. LaTeX na masu buga ƙa'ida a takarda ne, kamar daftarin yaren C++. DocBook, wanda bayanan manhajar PostgreSQL da yaren PHP ke ciki, yana da tsari, amma alamominsa sun fi rubutun yawa a ido. Manhajojin ofis kuwa sukan lanƙwasa alamar zance su kuma mayar da harafin farko babba, abin da ya isa ya kashe misalin kod. FrameMaker da MadCap Flare na kuɗi ne, kuma ƙarfinsu a shimfiɗa shafi yake.

Inda na ƙone ba a manhaja ba ne, a mutum ne. Na taɓa ba wani da ya gabatar da kansa a matsayin editan fasaha babi guda ya tace, ya dawo da shi sumul, yana daɗin karantawa, har na yi masa godiya. Sai bayan makonni wani mai karatu ya rubuto yana tambayar tun yaushe abin da ke wajibi ya koma shawara. Da na duba Git sai na tarar a wurare da dama ya mayar da “dole ne” zuwa “ya kamata”, wai don kada kalma ɗaya ta yi ta maimaituwa, ya kuma haɗe “ba a fayyace ba” da “ya danganta da mai aiwatarwa” suka zama abu ɗaya. A ƙa'idar yaren C waɗannan rukunoni ne mabambanta, har akwai na uku: a “ya danganta da mai aiwatarwa” wajibi ne mai gina manhajar fassara kod ya rubuta zaɓin da ya yi, a “ba a fayyace ba” ba wajibi ba ne, a na uku kuma ƙa'idar ta zare hannunta ƙwata-ƙwata. Tun 1997 takardar RFC 2119 ta tsayar da ma'anar kalmomin wajibi da shawara da zaɓi a ƙa'idojin intanet, kuma editan da bai taɓa jin labarinta ba bai dace da wannan aiki ba. A irin wannan rubutu maimaita kalma shi ne daidai, domin sabuwar kalma tana sa mai karatu ya zaci sabon abu ake nufi.

Irinsa sun ƙaru yanzu, domin wasu rubutunka kawai za su zuba wa manhajar ƙirƙirarriyar basira su miƙo maka abin da ta fitar a matsayin aikin hannunsu, ita kuwa tana iya ƙirƙiro sunan aikin da babu shi a yaren, cikin jumla mai cike da tabbaci. Kafin ka ɗauki kowa, ka ba shi shafi ɗaya da ka dasa kurakurai uku a ciki da gangan: misalin da ba ya gudana, siga da aka rubuta ba daidai ba, da kalma ɗaya da aka yi amfani da ita da ma'ana biyu. Wanda ya dawo da tambayoyi shi ne naka; wanda ya dawo da shafi mai santsi ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ka sallame shi. Ka ƙi karɓar gyara a fayil sabo da ba ya nuna abin da aka canza. Ka kuma kula da shafukan da ke kwafe kundin tsohuwar siga su lulluɓe shi da talla, kada ka tabbatar da wata magana daga gare su. Ko wajen sauke Sphinx da ƙarin kayanta daga PyPI, rumbun kayan Python na intanet, ka karanta sunan harafi bayan harafi, domin 'yan damfara sukan ɗora kunshin bogi mai suna kusan iri ɗaya da na gaske, bambancin harafi guda, suna jiran wanda yatsarsa za ta zame.