Laftof ɗin Sin ko na Malesiya da Biyetnam: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka saya tsakanin wanda aka haɗa a Sin da na Malesiya ko Biyetnam, don kana son ƙarko, kuma ba ka son kuɗinka ya je inda ake cin gumin ma'aikata.

Sunan ƙasar da ke bayan na'ura, wurin da aka ɗaure noti na ƙarshe kawai yake nunawa. Kwance murfin ka gani: furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) ta AMD ko Apple a masana'antar TSMC ta Taiwan aka yi ta, RAM kuma na Samsung ne ko SK Hynix ko Micron. Kobalt ɗin batir, wajen kashi 70 cikin ɗari na duniya daga Kwango yake fitowa, inda har yara ke shiga ramin haƙa. Masu haɗawar ma su ɗin ne dai a ko'ina: Quanta, Compal, Wistron, Foxconn.

A Sin matsalar ita ce dogayen awanni, da tura ɗaliban makarantun sana'a kan layin aiki, da rashin ƙungiyar ƙwadago mai cin gashin kanta. A 2010 ma'aikatan Foxconn fiye da goma suka kashe kansu a Shenzhen, har aka kewaye benaye da raga. Ta Malesiya daban ce, kuma ba ta fi sauƙi ba: baƙi daga Nepal da Bangladesh kan ci bashi su biya dillali, su iso a karɓe musu fasfo. Binciken ƙungiyar kare haƙƙin ma'aikata ta Verité na 2014 ya samu kusan ɗaya cikin uku na baƙin da ke masana'antun lantarki a can cikin aikin tilas. Biyetnam kuwa arhar albashi ce ta ja kamfanoni.

Batun ƙarko ba ruwansa da tuta. Masana'anta ɗaya kan fitar da mai arha da mai tsada, gwargwadon abin da mai tambarin ya biya. A mai arha, notin hinjin murfi cikin roba ake dasa shi, buɗewa da rufewa su tsaga robar, wayar allo ta tsinke. A na ofis, ƙarfen magnesiyam ke riƙe da shi. Haka kafasito, ɗan abin da ke ajiye wutar lantarki a cikin na'urar: mai jure zafin digiri 105 ya fi mai 85 daɗewa nesa ba kusa ba, domin ƙarin digiri 10 na zafi kan rage kusan rabin rayuwarsa. Kafasitocin da suka yi ta kumbura a cikin kwamfutoci a farkon shekarun 2000 ma daga Taiwan suka fito.

Mu dai shawararmu, bar duba ƙasa. Nemi shaidar TCO Certified (tambarin kula da muhalli da haƙƙin ma'aikata) a jikin samfurin, ka duba ko kamfanin na wallafa sunayen masana'antunsa, kamar yadda Apple da HP da Dell ke yi, sannan ka zaɓi mai garantin shekara 3 wanda ake iya canja masa batir da RAM da sukundireba.