Hattara da Masu Sayar da Janaretan Bogi ga Masu Tirelar Tafiya

Jama'a, duk mai tirelar tafiya, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, a kwana a ciki, a yi girki a ciki, in yana neman ƙaramin janaretan da zai riƙa tafiya da shi, to ya buɗe ido. 'Yan damfara sun gane cewa mai tirela abu uku yake so a inji ɗaya: ya zama marar nauyi, marar ƙara, kuma ya iya tayar da na'urar sanyaya ɗaki. Injin da ya haɗa ukun nan tsada gare shi, kowa ya sani. Ta nan suke shigowa, su ce ga shi nan a ɓagas.

Damfarar da ta fi yawa yanzu ta intanet ce. Kana cikin duba Facebook ko Instagram sai talla ta faɗo: hoton janaretan Honda ko Yamaha, ja ko shuɗi, sabo fil, an rubuta cewa kamfani na rufe sito, an zaftare kaso mafi tsoka na kuɗin, saura guda bakwai. Wani lokaci har da agogo a gefe yana ƙirga mintocin da suka rage. Ka danna, ka faɗa wani shafi mai tambarin kamfanin da launinsa, amma sunan adireshin an ƙara masa harafi ɗaya ko wata kalma. Hotunan duk na sata ne daga shafin gaskiya. Ka biya, a turo maka lambar bin sawun kaya, hankalinka ya kwanta. Bayan kwanaki lambar ta nuna wai an kai kaya, kai kuwa ba ka ga komai ba. Abin da suka yi shi ne sun aika wani ƙaramin ƙunshi marar amfani zuwa wani gida daban a yankinku, don in ka kai ƙara banki su nuna shaidar cewa kaya ya isa. Kafin ka gama zirga-zirga an rufe shafin, an buɗe wani da sabon suna.

Gane waɗannan ba wuya. Saka adireshin shafin a wurin binciken rajista na ICANN, hukumar da ke kula da sunayen adireshin intanet, za ka ga ranar da aka buɗe shi. Dillalin da ke cewa ya shekara ashirin yana sana'a amma shafinsa bai cika wata biyu ba, magana ta ƙare. Ɗauki hoton injin ka saka a Google Lens, ka ga shafuka nawa ke amfani da shi. Sannan dubi yadda suke so a biya su. In an ce sai katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko tura kuɗi kai tsaye asusun wani mutum, ko a PayPal a ce ka zaɓi ɓangaren 'yan uwa da abokai, to ana so ne a raba ka da duk wata hanyar dawo da kuɗinka. Wancan ɓangaren ba shi da kariyar mai saye.

Akwai kuma masu yawo da kaya a bayan mota. Sukan tsaya a gidan mai ko filin ajiye motoci ko bakin sansanin masu tirela, su ce daga baje koli suke, injuna biyu sun rage, ba sa son komawa da su. Kwali sabo, takarda mai sheƙi, suna mai kama da na Jamus ko Japan, da babban rubutu a jikin tanki: 8500W, wato wai yana ba da wutar wat 8,500. Su tayar maka da shi nan take, ya yi ruri, su jona ƙwan fitila ɗaya ya kama. Ƙwai ɗaya ba ya gwada komai.

A nan nake so a tsaya a natsu, domin wannan lambar ta jikin tanki ita ce ainihin abin da suke sayarwa, ko a titi ko a intanet. Sitika ba ta da tsada, kowa na iya buga abin da ya ga dama. Girman injin ne ba a iya ɓoyewa. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Injin fetur mai cc 196 zuwa 212 (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji), wanda shi ne ke cikin yawancin waɗannan kayan, ƙarfinsa doki shida da rabi ne zuwa bakwai. Ninka bakwai sau 746, ka samu wat 5,222, kuma wannan ƙarfin juyawa ne tun kafin a mayar da shi lantarki, inda wani kaso ke zubewa a zafi. Shi ya sa kamfanonin gaskiya masu irin wannan injin suke rubuta wat 3,000 zuwa 3,500 a matsayin abin da zai ɗauka yana aiki. Wanda ya liƙa 8,500 a kan injin cc 212 ƙarya yake yi, ko da ya rantse. Janaretan da ke ba da wat 8,000 da gaske injinsa ya haura cc 400, nauyinsa ya doshi kilo 90, ba abin da mutum ɗaya zai sunkuta ya jefa a but ba ne.

Ga ma'auni na gaskiya da za ka riƙe a ka. Honda EU2200i injinsa cc 121 ne, nauyinsa kusan kilo 21, iyakar ƙarfinsa wat 2,200, amma wanda zai jure a kai 1,800 ne. Babban yayansa EU3000iS yana da cc 196, yana jure wat 2,800, nauyinsa ya kusa kilo 60. In aka nuna maka wani abu mai girman na farkon aka ce yana ba da 4,000 ko 5,000, tambayi mai kayan cc nawa ne. Yawanci a nan suke fara kame-kame.

Ka lura lamba biyu na ambata wa injin farko. Kowane janareta haka yake: akwai ƙarfin tashi, wanda yake iya bayarwa na ɗan lokaci kaɗan, da ƙarfin aiki, wanda zai riƙe sa'o'i. Mai cuta babbar kawai yake nuna maka. Wani kuma ya rubuta kVA, wani ma'aunin ƙarfin wuta daban, maimakon kilowat (wat dubu) don lambar ta kumbura, alhali a lissafin da aka saba kVA 3 kilowat 2.4 ne.

Me ya sa wannan ya fi shafar mai tirela? Saboda na'urar sanyaya ɗaki. Wadda aka fi sa wa a rufin tirela mai BTU 13,500 ce, wato ma'aunin ƙarfin sanyayawarta. Tana aiki da wat kamar 1,300 zuwa 1,800, amma lokacin da kwamfaresa, wato injin da ke cikinta mai samar da sanyin, zai tashi takan fizgi kusan ninkin haka. Ga cajar batirin tirelar da ke jan nata a ɓoye da zarar ka jona wuta, ga firiji in yana kan lantarki, ga na'urar ɗumama abinci da ke cin sama da wat 1,000, ga hitar ruwan wanka. Janaretan da aka yi wa ƙaryar lamba, da zarar kwamfaresa ya nemi tashi sai wuta ta yi ƙasa. In ya mutu nan take ma ka ci sa'a. Abin tsoro shi ne ya ci gaba da nishi yana ba da wuta marar ƙarfi, kwamfaresa yana ta zafi har ya ƙone. Ka ga asara biyu ke nan, araha ba ta yi ado ba.

Ƙari a kan haka, ko injin gaskiya ƙarfinsa na raguwa in an hau tudu, kusan kashi 3.5 cikin ɗari a kowace mita 300, kuma mai amfani da iskar gas ta girki yakan ba da ƙasa da abin da yake bayarwa da fetur da kamar kashi goma. Mai tirela kuwa duwatsu da tsaunuka yake nufa. Dillalin kirki zai gaya maka haka tun kafin ka tambaya.

Sai batun soket, wanda shi ma ake cutar mutane da shi. Tirelolin Amurka da Kanada yawanci suna da layin amp 30 a kan bolt 120, wato iyakarsu wat 3,600, da soket na musamman mai suna TT-30. Manyan su ne masu amp 50. Na Turai kuwa bolt 230 ne da shuɗin soket mai amp 16. Mai neman kuɗinka zai ce an yi injin nan musamman don tirela, ka duba ka ga babu soket ɗin, sai ya miƙo maka wata mahaɗa da ba ka san yadda aka haɗa wayoyinta ba. In bolt 240 ya shiga tirelar da aka yi wa 120, cajar batiri da na'urar ɗumama abinci da allon firiji duk za su tafi cikin ƙiftawar ido. Kada ka jona komai sai ka auna da mita.

Kalmar inbata ma ta zama abin ado a bakinsu. Janaretan inbata na gaskiya yana da allon lantarki da ke tace wutar, gurɓatarta ba ta kai kashi uku cikin ɗari ba, kuma injin yana rage gudu in kaya ba yawa, ya ƙara in an ɗora. Su kuwa sai su ɗauki injin gama-gari su lulluɓe shi da roba, su rubuta inbata. Kunna shi ba kaya, ka danna maɓallin tsimin mai, ka saurara. In sautin bai sauka ba, kuma bai tashi ba da ka jona abu mai nauyi, akwai alamar tambaya. Haka batun ƙara. Kamfanoni suna auna desibel, wato ma'aunin ƙara, daga nisan mita bakwai ne, galibi da kashi ɗaya cikin huɗu na kaya. Mai tallar da ya rubuta lamba bai faɗi nisa ko nauyin kaya ba, bai faɗi komai ba. A gandayen shaƙatawa na ƙasa a Amurka doka ta hana ƙarar da ta wuce desibel 60 daga nisan ƙafa 50, don haka injin mai ruri zai sa a tashe ka daga sansani ko maƙwabta su tsane ka. Ni a ganina na biyun ya fi ciwo.

Wani abu da ba zamba ba ne, don kada a zargi mai gaskiya: da yawa daga ƙananan inbata, har da na manyan kamfanoni, in ka jona su da na'urar kariyar wutar tirela sai ta nuna babu layin ƙasa, wato wayar kariya daga jan wuta, ta ƙi sakin wuta. Haka aka ƙera su. Akwai ɗan ƙaramin fulogi da ake sokawa a soket ɗaya da ke warware matsalar.

Masu sayen na hannu, ku ma ba ku tsira ba. Ana canza mitar sa'o'i, ana wanke injin da ruwa ya ci a fesa masa fenti, ana sayar da na sata. Nemi lambar shaidar injin a jikin firam. In an kankare ta, ko an liƙa wata a kai, tafi abinka. In tana nan, kira dillalin kamfanin da aka amince da shi ya duba maka. Zaro ma'aunin baƙin mai ka gani, in ya yi fari-fari kamar madara ruwa ya shiga. Taɓa injin kafin a tayar, in da ɗumi to an riga an kunna shi kafin ka zo don kada ka ga wahalar tashinsa. Kuma a kula da wasa da kalmomi irin su "samfurin Honda" ko "fasahar Japan". Jan fenti ba shi ne kamfani ba. Haka masu rantsuwa cewa kwayil ɗin zallar tagulla ne alhali alminiyam ne aka shafa wa launi. Tagulla ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, shi ya sa yana da kyau ka ɗora injin a sikeli ka gwada da abin da takarda ta ce.

Gwajin da ya fi duka sauƙi shi ne ka zo da kayanka. Hitar ɗaki ko butar lantarki guda biyu, kowace an rubuta yawan wat ɗinta a gindi, da mita mai auna bolt. Jona ɗaya, jona ta biyu, bar su minti goma sha biyar ko ashirin kana kallon mita. Injin da aka ce yana jure wat 3,000 bai kamata ya durƙusa a kan hita biyu masu 1,500 ba. Gani ya kori ji. Mai kayan da ya ce yana sauri, ko ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ya riga ya ba ka amsa.

Mafi muni a cikin lamarin nan bai shafi aljihu ba. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tirela ƙaramin ɗaki ne da mutane ke barci a ciki. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ce kusan mutum ɗari ke mutuwa duk shekara a ƙasar ta wannan hanya. Tun 2018 aka fito da ƙa'idojin PGMA G300 da UL 2201, waɗanda suka tanadi na'urar da ke kashe inji in iskar ta taru. Masu jabu suna buga alamar a kwali ba tare da na'urar ba, ko su sa fitila kawai da ba ta haɗe da komai. Ko da injinka na gaskiya ne, ajiye shi aƙalla mita shida daga tirela, bakin salansa na kallon nesa, kada a sa shi ƙarƙashin tirelar ko cikin rumfarta ko da ana ruwan sama, kuma a tabbata ƙararrawar gano iskar da ke cikin ɗakin tana aiki.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada ya jona injin da tirelarsa. Ya ɗauki hoton tallar, da shafin, da rasit, da duk saƙonnin da suka yi, tun kafin a goge. Ya kira bankinsa ko kamfanin katinsa a ranar ya nemi a dawo da kuɗin, domin akwai wa'adi. In lambar bin sawu ta nuna an kai kaya, ya nemi kamfanin jigilar ya ba shi a rubuce nauyin ƙunshin da kuma tabbacin cewa ba adireshinsa aka kai ba. Ƙunshin da bai kai kilo ɗaya ba ba zai zama janareta mai kilo 21 ba, kuma wannan takardar ce zai haɗa da ƙorafinsa zuwa banki, da dandalin da ya ga tallar, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar da yake.