Eya firaya ta burge ni, har zuwa ranar da na yi baƙi

Duk wadda ta shigo kicin ɗina ta hango eya firayata, na'urar nan mai gasa abinci da iska mai zafi maimakon mai, sai ta tambaya, wai wannan abar ta ci kuɗinta kuwa? Da a farkon sayenta aka yi min tambayar nan, kafin a rufe baki zan ce je ki saya. Yanzu kuwa sai na fara jin mutum nawa kike dafa wa abinci, sannan in buɗe baki.

Tawa mai aljihu ce, irin wadda ake jawo kwandon da mariƙi. An rubuta lita 5.5 da wat 1,500 a jikin kwalinta. Abin da ya fara sace min zuciya cinyar kaza ce. Na tsane ta sosai har fatar ta bushe, na shafa gishiri da kayan ƙamshi, ko ɗigon mai ban sa ba, na jera su fata a sama, na saita digiri 190. Wajen minti 25 na jawo kwandon. Fatar ta kumbura ta yi ja tana sheƙi, ƙananan kumfan maiƙo na ta tsartuwa a kanta, in kin ɗora mata cokali mai yatsu ki ji ƙaras. Da na tsaga, ruwan naman ya biyo wuƙa. A ƙasan aljihun kuma ga kitsen da ya tsiyaye ya kwanta, wanda da a kasko ne cikinmu zai tafi, har da ƙarin man suya a kai. Babu fallatsin mai a hannuna, babu a bango, kayan jikina ba su ɗauki ƙaurin suya ba. Wallahi ranar ji na yi an sauke min wani nauyi.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. Ki zare kwandon ki leƙa sama daga ciki, za ki ga ƙarfe a nannaɗe wanda ke ɗaukar zafi, bayansa kuma fanka ce mai ƙarfi. Fankar ke hura zafin ƙasa, iskar ta bi ta ramukan kwando ta zagayo. Ƙaramin obin ne mai fanka, sai dai da yake ɗakinsa ƙarami ne, zafin yana taruwa nan da nan. Iskar tana busar da bayan abinci, da ya bushe sai ya fara yin ja da ƙamshi, abin da masana ke kira da sunan Maillard, Bafaranshen da ya bayyana shi a 1912. Wannan jan ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa a 100 yake tsayawa. Muddin akwai danshi a jikin abinci, turara shi kike yi. Ki riƙe wannan, don nan gizo yake saƙar.

Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Philips kuma ya fito da ita a baje kolin kayan lantarki na Berlin a 2010. Soyayyen dankali mara mai da yawa mutumin yake nema, kuma har yau dankalin da aka yayyanka aka daskarar a leda ba shi da na biyu a cikinta. Dalili kuwa an riga an ɗan soya shi a mai tun daga masana'anta, ƙarasawa kawai take yi. Ɗanyen dankalin turawa da kika fere da hannunki sai kin yi masa hidima: ki jiƙa shi kamar rabin awa sitacin ya fita, ki tsane shi ƙamas, ki cakuɗa shi da cokali ɗaya na mai, ki riƙa girgiza kwandon. Yana yin daɗi, amma kar wani ya ce miki daidai yake da wanda ya yi iyo a cikin mai. Ya fi bushewa, kuma da ya ɗan huce sai ya yi tauri. Ni ba na barinsa ya yi duhu, tun da na san cewa a 2002 masu bincike a Suwidin sun gano wani sinadari da ake zargin yana da illa ga lafiya, akirilamaid, da ke fitowa a abinci mai sitaci idan ya sha zafin da ya haura digiri 120, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda abincin ya ƙone. Da ya yi ruwan zinare nake kashewa.

To, ranar da Yaya ta zo da yaranta ce ta ɓata min rai da abar nan, kuma har yau in na tuna sai na ji wani ɗaci.

Na riga na cika mata kunne da labarin kazar, ita ma ta ce sai ta gani da idonta kafin ta saya. A jikin kwali akwai hoton kwandon nan cike taf da kaza har ta yi tozo, kowace tsoka ja jawur, an kuma rubuta cewa ta ishi iyali guda. Na yi yadda hoton ya nuna. Na zuba cinyoyi da fukafukai har kusan baki, na saita zafi da lokaci kamar kullum, na koma muka ci gaba da hira. Da ƙararrawa ta buga na jawo, sai tururi ya bugi fuskata maimakon ƙamshi. Na saman sun yi duhu, gefen fukafukan har ya fara ƙonewa don kusancinsu da ƙarfen. Na ɗaga su, na tsakiya fari fat, fatar ta yi laushi tana santsi kamar dafaffiya. Na ƙasa kuwa kwance suke cikin ruwa. Na tsaga ɗaya, ga jini ja a jikin ƙashi. Kaza ba abin wasa ba ce, sai cikinta ya kai digiri 74 sannan hankali ke kwanciya a ba yaro. Girgiza kwandon bai yi komai ba, tsokokin sun yi nauyi sun manne da juna. Tamkar ki dunƙule wanki ki ɗora a igiya ne, na waje ya bushe na ciki yana ɗiga.

Haka na kwashe su duka na koma jerawa kaɗan-kaɗan, kowane zagaye ya ci fiye da minti 20. Kafin na biyu ya fito na farko ya huce, fatarsa ta saki. Shinkafa ta gama tuntuni, yara sai leƙowa suke suna komawa. Ƙaramin har ya fara gyangyaɗi a kujera. Yaya ta shigo ta tsaya a bayana, ta dubi tulin ɗanyen naman da ya rage, ta dubi ɗan kwandon, ta ce, "Haba ƙanwata, ɗora mai a kasko mu gama, yaran nan sun galabaita." Ban ce komai ba na ɗauko kaskon. Cikin ɗan lokaci muka soye ragowar tsaf, mai yana fallatsar min hannu, ita kuwa na'urar tana gefe fankarta na ta kuka a kan 'yan tsokokin da ba su kai a raba ba. Abin da na saye ta don in huta da shi, shi na koma yi a gaban baƙi.

Bayan sun tafi na zauna na bi ɗan littafinta layi-layi. Can ciki, da ƙananan haruffa, an rubuta a jera nama shimfiɗa ɗaya, kada a ɗora wani kan wani. Wato sun sani. Sun san tulin da suka ɗauka a hoto ba zai gasu haka ba, amma shi suka manna a kwali, gaskiyar kuma suka ɓoye ta inda sai kin biya kin kai gida za ki gani. Wannan ya fi ƙona min rai fiye da kazar kanta. Lita da suke ta tallatawa zurfin kwando ne, zurfin kuma iska ce ke buƙatarsa, ba abinci ba. Abin da ke miki aiki faɗin gindin kwando ne kawai. Kwando mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye ɗaukar kaya in faɗinsu ɗaya, amma babu mai sayarwar da zai faɗa miki.

Batun tsimin wuta ma da ake yi mata kirari da shi, a nan yake rushewa. Gaskiya ne in abinci kaɗan ne ta fi babban obin sauƙi, don shi sai ya ɗauki minti 10 zuwa 15 yana ɗaukar zafi kafin ma ki sa komai, ita kuwa minti 3 ya ishe ta. Wat 1,500 na rabin awa bai wuce kashi uku cikin huɗu na yunit ɗaya ba. Amma ki ce zagaye huɗu za ki yi na minti 25, kin tasar wa yunit biyu da rabi, alhali babban obin zai ɗauke su duka a faranti ɗaya kowa ya ci da zafinsa. Kuma tana jan wuta da ƙarfi, soket ɗin bango take so ita kaɗai, ba a haɗa ta da wasu kaya a wayar ƙari ba.

Na ɗan yi fushi da ita na ture ta gefe, amma ban iya daɗewa ba. Akwai abin da ba wanda ya kama ƙafarta a kai, shi ne ɗumama ragowar soyayyen abu. Naman jiya da maikirowef zai mayar miki da shi kamar roba, ita cikin minti 4 ko 5 za ta dawo masa da ƙaras ɗinsa. Kifi yanka biyu da daddare, kayan lambu da ɗan mai, gasa burodi da safe, duk ba ta da matsala. Kwalbar mai ta daina ƙarewa da wuri, kuma in kin tuna cokali ɗaya na mai kalori wajen 120 ne, za ki san ba ƙaramin abu aka rage ba. Na kuma rabu da tsohon man suya da ake rasa yadda za a yi da shi, a maimaita ya yi baƙi, a zubar ya toshe magudana. Har na fara cewa a raina laifin bai kai yadda na ɗauka ba, in dai mu kaɗai ne a gida.

Sai baƙin shafin kwandon, wanda ke hana abinci mannewa, ya fara ɓarewa.

Ban taɓa sa mata soson ƙarfe ba, ban taɓa kankare ta da cokali ba, da soso mai laushi da ruwan ɗumi nake wanke ta. Duk da haka wata rana na ɗago kifi na ga ɗige-ɗige baƙi a jikin farin namansa. Na duba kwandon a haske, gefen ramukan duk ya zazzage, farin ƙarfe ya bayyana. An ce irin wannan shafin ba ya lalacewa da zafi sai ya haura digiri 260, tawa kuwa iyakarta 200, don haka ba zafi ba ne, aikin ne aka yi shi sama-sama. An kuma ce ɓarɓashin ba ya narkewa a ciki, wucewa yake yi. Ko da haka ne, ni ba zan tsince baƙin fenti daga kifi in miƙa wa yaro ba. Na koma wurin wanda ya sayar min da takardar garanti a hannuna. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce garanti na inji ne, bai shafi kwando ba. Na ce to a sayar min da kwandon kaɗai. Ya ce, "Hajiya, ai ba a kawo shi daban, sai dai ki ɗauki sabuwa." Inji lafiya lau, fanka lafiya lau, amma saboda kwando ɗaya a ce in sake sayen na'ura sukutum. A nan ne na ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Yanzu da takardar gashi mai ramuka nake shimfiɗe gindin kwandon, ita ma tana rage wa iskar hanya, kuma dole abinci ya danne ta, in ba haka ba fankar ta ɗaga ta ta manna wa ƙarfen ta kama da wuta. Wankin ma ba kamar yadda ake nunawa ba ne. Kwando da aljihu suna da sauƙi, amma maiƙon da ke fantsama sama ya daskare a jikin ƙarfen da bayan fanka, sai kin cire wuta, ta huce, kin kifa ta kina lallaɓawa da tsohon buroshi. In kin ƙyale shi, ranar da kika sa nama mai kitse farin hayaƙi zai cika miki kicin. Duk abin da ake tsomawa a kwaɓi mai ruwa kuma ki manta da shi, tsiyayewa zai yi ta ramuka kafin ya kama jikinsa. Ga ƙara, ga cin wuri, don sai kin bar mata fili a baya inda take fitar da zafi.

Ƙanwar maigida da ke zaune ita da mijinta su biyu ta tambaye ni, na ce ta saya, kuma na san za ta ji daɗinta. Yaya kuwa ba ta ma sake tayar da maganar ba, ni ma ban ba ta shawara ba, gidan da ake jera faranti shida zuwa sama obin mai fanka ya fi masa. Abin da na ce wa ƙanwar tamu shi ne ta sa a buɗe mata kwali a gabanta, ta zare kwandon ta shimfiɗa tafin hannunta a gindinsa ta ƙiyasta cinya nawa za su kwanta ba tare da sun taɓa juna ba, sannan ta tambaya ko ana samun kwandon shi kaɗai in ya lalace. In aka ce babu, ta ajiye ta duba wata.